Viola Spolin: Matar da ta yi amfani da wasa wajen cire wa yara tsoro

A tarihin wasan kwaikwayo na ƙasar Amurka, ba kasafai ake jin sunan Viola Spolin cikin jerin manyan taurari ba. Ba ta yi fice a matsayin 'yar wasa ba, kuma babu wani shahararren wasa da ta rubuta.

Amma har yau malamai da dama a makarantu da gidajen wasan kwaikwayo na ƙasashe daban-daban da dabarunta suke aiki, idan suna son yaro mai noƙewa ya saki jiki ya buɗe baki a gaban jama'a.

Viola Spolin ta shafe kusan rabin ƙarni tana bin diddigin matsala guda, wato dalilin da ya sa yaron da ke ta surutu da tsalle-tsalle a filin wasa yakan daskare da zarar an tsayar da shi a gaban mutane an ce ya yi magana.

Abin da ta gano shi ne, akasari tsoron abin da za a ce game da yaron ne ke ɗaure masa harshe, ko da kuwa yana da basira. Maganin da ta samo kuwa shi ne wasa mai dokoki, wanda zai ɗauke hankalin yaron daga kansa, ya mai da shi kan wani aiki da ke gabansa.

Haihuwa da tasowa

An haife ta ran 7 ga watan Nuwamba na shekara ta 1906 a birnin Shikago da ke jihar Illinois, kuma sunanta na asali shi ne Viola Mills.

Iyayenta Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga daular Rasha, suna cikin Yahudawan gabashin Turai kimanin miliyan 2 da suka shiga Amurka tsakanin 1881 da 1924, saboda talauci da hare-haren da ake kai musu. Mahaifinta ya samu aikin ɗan sanda a Shikago.

A wancan lokaci birnin yana bunƙasa cikin sauri saboda masana'antu da mayanka da hanyoyin jiragen ƙasa. A shekara ta 1910 yawan jama'arsa ya zarce miliyan 2, kuma mafi yawansu baƙi ne ko kuma 'ya'yan baƙi.

A gida ta fara ganin wasan kwaikwayo. Daga baya ta bayyana yadda 'yan'uwan iyayenta, maza da mata, kan taru su sanya tufafin ban dariya, su riƙa waƙa suna kwaikwayon irin wahalhalun da 'yan gidan ke sha wajen koyon Turanci da neman aiki a sabuwar ƙasa.

Babu wanda ya rubuta musu abin da za su faɗa. Abin da ya dame su da rana shi ne suke mayarwa abin dariya da dare.

Karatu a hannun Neva Boyd

Da ta kammala makarantar sakandare, Viola ta yi niyyar zama ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a unguwannin baƙi. Wannan ne ya kai ta cibiyar Hull House, wadda Jane Addams da Ellen Gates Starr suka kafa a shekara ta 1889 a wata unguwar talakawa da ke yammacin birnin.

Cibiyar tana koya wa baƙi Turanci da sana'o'i, tana da wurin renon yara da ɗakin karatu da kuma ƙungiyar wasan kwaikwayo. Saboda wannan aiki da fafutukarta ta neman zaman lafiya ne aka ba Jane Addams lambar yabo ta Nobel a 1931.

A nan ne Viola ta yi karatu na tsawon shekaru uku, daga 1924 zuwa 1927, a makarantar horar da jagororin wasanni da wata malama mai suna Neva Boyd ta kafa.

Neva Boyd, wadda daga bisani ta koyar da ilmin zaman jama'a a Jami'ar Northwestern, ta ɗauki wasan yara a matsayin makaranta mai zaman kanta. Takan koya wa ɗalibanta wasannin gargajiya da raye-raye da tatsuniyoyi na al'ummomi daban-daban, domin su je su yi aiki da su a cikin unguwanni.

A ra'ayinta, kowane wasa na ƙwarai yana ɗauke da wata matsala da 'yan wasa za su warware, da kuma dokoki da kowa ya amince da su da ransa. Yaron da ke cikin wasa yana koyon jira, da lura da abokinsa, da yanke shawara cikin gaggawa, ba tare da wani ya tsaya a kansa da bulala ko lada ba.

Viola ta riƙe wannan darasi har ƙarshen rayuwarta, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa daga Neva Boyd ta samo tushen aikinta ba.

A cikin wannan lokaci ne ta yi aurenta na farko da Wilmer Silverberg, suka haifi 'ya'ya maza biyu. Babbansu, wanda aka haifa a watan Nuwamba na 1927, shi ne duniya ta sani daga baya da suna Paul Sills. Auren bai ɗore ba, kuma sunan Spolin na mijinta na biyu ne, Edward Spolin.

Aiki da 'ya'yan baƙi

A shekara ta 1929 kasuwar hannayen jari ta New York ta rushe, Amurka ta faɗa cikin gagarumar karayar tattalin arziki. Zuwa 1933, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan ƙasar ba su da aikin yi.

Don shawo kan lamarin, gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta kafa hukumar samar da ayyuka da ake kira WPA a 1935. Ban da gina hanyoyi da gadoji, hukumar ta ɗauki malamai da mawaƙa da masu zane da 'yan wasan kwaikwayo aiki.

Daga 1939 zuwa 1941, Viola Spolin ta riƙe muƙamin mai kula da sashen wasan kwaikwayo a shirin nishaɗantarwa na hukumar a Shikago. Aikinta shi ne ta koyar da yara da manya na unguwannin talakawa, ta kuma horar da waɗanda za su koyar da wasu.

Nan take ta ci karo da matsala. Yaran sun fito ne daga gidajen da ake magana da harsuna daban-daban, kamar na Italiya da Girka da Meziko, ga kuma 'ya'yan baƙaƙen fata da iyayensu suka taso daga kudancin ƙasar. Wasu Turancinsu bai nuna ba, wasu kuma karatu yana yi musu wuya.

Tsohuwar hanyar koyarwa ita ce a ba yaro rubutaccen wasa ya haddace, malami ya nuna masa inda zai tsaya da yadda zai ɗaga hannu, shi kuma ya kwaikwaya. Ga yaron da ake yi wa dariya saboda karin harshensa, wannan hanya ƙara rufe masa baki take yi.

Haka nan dogon bayani bai yi amfani ba. Idan aka ce wa yaro ya saki jiki, sai ya ƙara takurewa, domin an tuna masa cewa ana kallonsa.

Sai ta koma ga abin da ta koya wurin Neva Boyd. Duk lokacin da wata matsala ta taso a kan dandamali, maimakon ta yi faɗa ko ta yi nuni, sai ta ƙirƙiro wani wasa wanda ba za a iya yinsa ba sai an warware wannan matsalar.

A wannan lokaci ne kuma yaran da take koyarwa suka fara fitowa gaban jama'a ba tare da rubutaccen labari ba. 'Yan kallo ne kan faɗi su wane ne za a kwaikwaya, a ina suke, kuma me suke yi, sa'an nan yaran su gina wasan nan take.

Yadda wasannin suke

Wasan da ta sanya a farkon darussanta ya isa misali. Akan raba ɗalibai gida biyu, rabi su hau dandamali su tsaya, rabi su zauna suna kallonsu, ba tare da an ce wa na tsaye su yi komai ba.

Ba a daɗewa sai a ga na tsayen sun fara murmushin kunya, wani yana sosa kai, wani ya rasa inda zai ajiye hannuwansa. Da malami ya ga duk sun takura, sai ya ba su aiki mai sauƙi, kamar su ƙirga katakan daɓen dandamalin ko kujerun da ke cikin ɗakin.

Da zarar sun shiga ƙirga, sai kafaɗu su sauka, fuska ta saki, duk da cewa idanun da ke kansu ba su ragu ba. Daga nan sai a sauya, na zaune su hau, su ma su ɗanɗana.

Darasin da ke ciki shi ne, mutum yakan ji kunyar idon jama'a ne a lokacin da hankalinsa ke kan yadda ake ganinsa. Idan yana da abin yi, tsoron yakan rasa wurin zama. Shi ya sa kowane wasa nata yake da abu guda da aka ce ɗan wasa ya tattara hankalinsa a kai.

A wasan madubi, yara biyu ne ke fuskantar juna, ɗaya yana motsi, ɗayan yana bin sa daidai kamar hotonsa a madubi. Malami yakan riƙa sauya mai jagora, har a kai ga inda babu wanda ke ja, kowa yana bin kowa. Yaro mai rawar kai yakan koyi lura da wani, mai noƙewa kuma yakan sami kansa yana jagoranci ba tare da ya ankara ba.

Akwai kuma wasan da ake magana da sautuka marasa ma'ana, waɗanda ba na kowane harshe ba ne. Za a iya ce wa yaro ya tallata wata haja ko ya ba da labarin abin da ya same shi da irin waɗannan sautuka, sai ya dogara da murya da fuska da hannu don a fahimce shi. A cikin wannan wasa, wanda ya iya Turanci bai fi wanda bai iya ba.

Wani wasan kuma na jifan ƙwallon da babu ita ne. Yara sukan yi da'ira su riƙa jefa wa juna ƙwallon iska, malami yana faɗa musu cewa yanzu ta yi nauyi, ko kuma ta zama sakayau, su kuma su nuna hakan da jikinsu.

A duk waɗannan wasanni malami ba ya tsayar da yara don ya yi gyara. Yakan tsaya a gefe ne yana jefa gajerun kalmomi na tunatarwa yayin da wasan ke gudana, kuma ana ɗaukarsa a matsayin ɗaya daga cikin 'yan wasan.

Yabo da zargi

Babban abin da ya bambanta Viola Spolin da sauran malamai na zamaninta shi ne matsayinta game da yabo. Kowa ya san cewa tsawa da zargi suna karya wa yaro gwiwa, amma ita ta ƙara da cewa yawan yabo ma yana iya yin irin wannan ɓarna.

Hujjarta ita ce, yaron da ya saba da jiran a ce masa ya kyauta ko bai kyauta ba, yakan koma yana karanta fuskar babba kafin ya yi kowane motsi. Wani yakan zama mai neman burgewa, wani kuma ya ja da baya gaba ɗaya don gudun kuskure, kuma dukkansu sun daina dogaro da abin da suka gani da idonsu.

Saboda haka, bayan kowane wasa ba a tambayar yaran da suka kalla ko wasan ya yi kyau. Ana tambayarsu ne abin da suka gani: shin sun gane abin da ɗan wasan ke riƙe da shi, kuma sun fahimci inda yake?

Idan ba su gane ba, an samu matsalar da za a sake gwadawa, kuma babu wanda aka kunyata. Ta haka 'yan kallo suka tashi daga alƙalai suka koma abokan aiki.

Wannan ba ya nufin a bar yara su yi abin da suka ga dama. Wasa ba ya yiwuwa sai da doka, kuma yaron da ya karya ta abokansa ne za su fara nuna masa, domin ya ɓata musu wasa. A ganinta, ladabin da yaro ya ɗora wa kansa saboda yana son wasan ya ci gaba ya fi wanda aka tilasta masa daɗewa.

Daga Hollywood zuwa gidajen barkwanci

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Viola Spolin ta kafa wata makaranta mai suna Young Actors Company a Hollywood da ke jihar Kalifoniya, inda take karɓar yara daga shekara shida zuwa sama.

A nan ta shafe shekaru tana gwada wasanninta tana gyara su, tare da shirya cikakkun wasannin kwaikwayo da yaran. Cikin waɗanda suka tashi a hannunta har da Paul Sand, wanda ya ci lambar yabo ta Tony a 1971.

A tsakiyar shekarun 1950 ta koma Shikago bisa gayyatar ɗanta Paul Sills, wanda ya tashi yana yin waɗannan wasanni tun yana ƙarami. A 1955 Paul Sills da David Shepherd suka kafa ƙungiyar Compass Players a kusa da Jami'ar Shikago, inda matasa irin su Mike Nichols da Elaine May suka riƙa wasa ba tare da rubutaccen labari ba.

Ran 16 ga watan Disamba na 1959, Paul Sills da Bernard Sahlins da Howard Alk suka buɗe gidan wasan The Second City. Daga 1960 zuwa 1965 Viola ce ke horar da 'yan wasan gidan, da dabarun nan da ta ƙirƙiro domin 'ya'yan baƙi.

Gidan ya zama matattarar masu barkwanci mafi tasiri a Amurka. Daga cikinsa ne Alan Arkin da John Belushi da Bill Murray suka fito, haka ma Tina Fey da Steve Carell a shekarun baya.

Sai dai wannan nasara ta zo da nata ƙalubale. Jama'a da dama sun ɗauka cewa wasan nan take hanya ce kawai ta ba da dariya, alhali ita takan gargaɗi ɗalibanta game da neman nuna wayo ko shirya abin da za su faɗa tun kafin lokacinsa. A wurinta, ɗan wasan da ke farautar tafi ya koma cikin tarkon neman yabo da ta yi ta ƙoƙarin fitar da yara daga ciki.

Littafin 1963

A shekara ta 1963 maɗaba'ar Jami'ar Northwestern ta buga littafinta mai suna Improvisation for the Theater, wanda ya ƙunshi wasanni sama da 200 tare da bayanin yadda ake jagorantar kowannensu. Akwai sashe na musamman a ciki game da aiki da yara ƙanana.

Littafin ya ginu ne bisa ra'ayin cewa babu mutumin da ba zai iya wasan kwaikwayo ba. Abin da ake kira baiwa, a ganinta, bai wuce yadda mutum ke buɗe idonsa da kunnensa ga abin da ke faruwa a kewayensa ba, kuma wannan abu ne da ake iya ƙarawa ta hanyar horo.

Ba ita kaɗai ce ta yi aiki a wannan fage ba. Winifred Ward ta kafa gidan wasan kwaikwayo na yara a garin Evanston kusa da Shikago a 1925, yayin da a Ingila Peter Slade ya wallafa littafinsa Child Drama a 1954. Abin da Viola Spolin ta ƙara shi ne tsararrun wasanni da kowane malami zai iya ɗauka ya gwada a ajinsa, ko da bai taɓa hawa dandamali ba.

An fassara littafin zuwa harsuna da dama. A Barazil, alal misali, malama Ingrid Koudela ta taka rawa wajen fassara shi da shigar da dabarunsa cikin horar da malamai.

Shekarun ƙarshe

A 1965 ita da ɗanta suka buɗe wani gidan wasa mai suna Game Theater a Shikago, inda ake gayyatar 'yan kallo su tashi su shiga wasan da kansu. Daga bisani ta sake komawa Kalifoniya, har ma ta fito a fim ɗin Alex in Wonderland na Paul Mazursky a 1970.

Mafi yawan ƙarfinta a shekarun ƙarshe ta ba da shi ne ga malaman makaranta. A 1975 ta fitar da wasanninta a kan katuna domin amfanin aji, a 1976 ta kafa cibiyar horarwa a Hollywood, sa'an nan a 1986 ta wallafa Theater Games for the Classroom domin malaman da ke koyar da yara. Jami'ar Eastern Michigan ta ba ta digirin girmamawa na dakta.

Viola Spolin ta rasu ran 22 ga watan Nuwamba na 1994 a birnin Los Angeles, tana da shekaru 88. Ɗanta Paul Sills ya ci gaba da koyar da wasanninta har zuwa rasuwarsa a 2008, kuma takardunta suna ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Northwestern.

Ban da makarantu da gidajen wasan kwaikwayo, ana amfani da dabarunta wajen koyar da harsuna, da aiki da masu larurar taɓin hankali, da kuma horar da ma'aikata kan yadda za su saurari juna.

Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa wasannin suka yaɗu shi ne, akasarinsu ba su buƙatar kaya ko tufafi na musamman ko kuɗi. Abin da ake buƙata shi ne fili, da yara, da kuma malamin da zai iya riƙe hukuncinsa har yaron ya gama faɗin abin da ke bakinsa.